Shekarar da Na Tuƙa Lamidi Cikin Fadama

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Ba a faɗa a gabanku kai tsaye, amma kun tsince shi a bakin rijiya da wurin suna, cewa ubanku ne ya kawo baƙon da ya auna fadamar arewa har ta fita daga hannun mutanen garinmu. Ban taɓa zaunar da ku na wanke kaina ba, kuma ba don na rasa abin faɗa ba ne. Yanzu gwiwa ta hana ni shiga jirgi, waɗanda nake wa kara kuma sun riga mu gidan gaskiya. Zan faɗa muku yadda abin ya gudana. Ina da laifi a ciki, sai dai ba shi ne wanda aka ɗora mini ba.

Sunan mutumin Lamidi, Bayarabe ne. Kiransa baƙo ma son zuciya ne, don ya fi shekara talatin a Birnin Kebbi, yana da shago a Nassarawa inda yake sayar da kayan injin ban ruwa. Duk manomin shinkafa daga Ambursa har Argungu ya san ƙofarsa. In yana magana kana bayan labule, za ka rantse a bakin gulbi aka yanke masa cibiya. A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya daɗe bai janye ba, har sanyi ya shigo ana zuwa wasu gonaki da jirgi. Na je shagonsa neman robar injina, na tarar yana goge wata kyamara mai dogon baki, tsawon bakin ya kai damtsen mutum.

"Malam Umaru, an ce mini kana da jirgi," in ji shi.

"Ina da shi. Kifi kaka so?"

"A'a, tsuntsaye nika so."

Na ɗauka wasa yake. A wurinmu tsuntsu ɗayan biyu ne, ko jan-baki da ake kora daga shinkafa, ko dinya da ake sa wa tarko. Amma ya jawo mini benci ya yi mini bayani. Ya ce a bakin teku aka haife shi, ubansa masunci ne, kuma yana yaro yakan zauna ya kalli wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna bin ruwa in ya janye, suna gudu in ya dawo. Da ya tsufa ne ya ji cewa irinsu suna sauka a fadamarmu lokacin sanyi, daga ƙasashe masu nisa. Likita ya ce masa ya rage zaman shago, babbar 'yarsa kuma ta aiko masa da kyamarar don ya sami abin da zai fitar da shi. Ya ce ba a zaune yake son su ba, tsuntsu a zaune kowa ma zai ɗauke shi. Yana son ya kama su a sama, fiffike a buɗe.

Haka muka fara. Kowace Lahadi yakan yi asuba a gida ya hau babur, kafin rana ta ɗaga yana bakin gulbi. Ni kuma in tura jirgi da gora har mu shige cikin ciyawa, mu yi shiru. Sai da na zauna da shi na san ban san fadamar da aka haife ni a cikinta ba. Balbela da zalɓe da kirinjijiya na san su, amma waɗannan ƙananan da yake bi ko suna ba mu ba su ba, tsuntsayen bakin ruwa kawai muke cewa. Sukan tashi gaba ɗaya kamar an kaɗa zane, su juya ka ga fari fat, su sake juyawa ka ga duhu. Lamidi ya bi su da kyamara yana dannawa ba ƙaƙƙautawa, jirgi na tangaɗi, sannan ya duba bayanta ya yi tsaki.

"Sun tsere mini. Hannun tsoho ba shi da sauri."

Mafi yawan ranaku haka suke ƙarewa. Ban ƙi aikin ba. Mutum ne mai daɗin zama, yakan kawo ƙosai mu ci tare, in azahar ta same mu a tudu mu yi salla ni ina gaba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun farko. Yana da wani ƙaramin littafi a aljihun gaba, kuma ba ya gajiya da tambaya. Wannan tafkin mene ne sunansa? Yaushe ruwa ke barin nan? Waccan gonar ta wane ne? Duk abin da na faɗa sai ya rubuta. Nakan tambayi kaina, ina ruwan mai neman tsuntsu da mai gona?

Muna cikin wata na biyu aka wayi gari da turaku masu jan fenti a fadamar arewa, an kakkafa su a jere tun daga tudun giginya har bakin tsohuwar hanya. Ba wanda ya ga masu kafawa. Dama an daɗe ana raɗe-raɗin cewa wani kamfani yana neman fili mai faɗi don noman shinkafa, sai ga turaku sun ba maganar ƙafa. Gonata tana ciki, da ta yayana Sahabi, da ta gidaje da yawa waɗanda ba su da wata sai ita. Garin ya rikice. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya je birni sau biyu a mako sai ya fara lissafa masa. Har limami sai da aka ce an gan shi cikin wata farar mota.

Da yamma Yaya Sahabi ya shigo gida. Kun san shi da tsufansa, amma lokacin nan murya ce da shi wadda in ya ɗaga ta a dandali kowa yakan yi shiru. Yana ɗingishi a ranar, ya ce ƙayar kifi ce ya taka. Ya zauna kusa da Inna, kakarku, ya dube ni.

"Umaru, wanga mutum da kaka yawo da shi, mi yaka ɗauka?"

"Tsuntsaye, Yaya."

"Ka taɓa ganin wanda ya bar shago don tsuntsu? Tun da anka kafa garin ga ba a taɓa kafa muna turke ba sai da ka fara kai shi. Ka yi tunani."

Uwarku Kulu tana tankaɗe a gefe. Ba ta cika sa baki in yana magana ba, amma ranar ta sa.

"Yaya, ni dai ban san aikin gwamnati ba. Amma ɗan leƙen asiri ba ya zuwa da rana tsaka da abu kamar taɓarya rataye a wuya."

"Wanda ya iya sata shi ka shigowa da sallama," in ji shi.

Sai da ya fita Inna ta yi magana. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Ka ji abin da babbanku ya ce. Ka buɗe ido."

Na buɗe ido, kuma wanda ya buɗe ido don neman laifi ba ya rasa shi. Lahadin da ta biyo na ce wa Lamidi ya nuna mini abin da yake ɗauka. Bai yi musu ba. Ya juyo mini da bayan kyamarar, ya nuna mini wani hoto da tsuntsaye uku suka fito sarai a sama, ƙafafunsu a miƙe baya, har ɗigon ruwa ana gani. Amma kafin ya kai ga wannan sai da ya wuce wasu da yawa da sauri, kuma na ga abin da ke cikinsu. Gona ce, da ruwa, da kunyar shinkafa, babu ko gashin tsuntsu. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce ai su ne waɗanda tsuntsun ya riga hannunsa, kullum yana cewa zai goge su yana mantawa. Na san gaskiya ne, don a gabana ake yi. Duk da haka, da ya hau tudu yin alwala ya bar rigarsa a jirgi, na zaro littafin nan na buɗe. Turanci ne da lambobi, ban gane su ba. Amma na karanta sunayen tafkunanmu, na ga sunana, na ga na Yaya Sahabi. Na mayar da shi cikin aljihun rigar. Da ya dawo ya miƙo mini ƙosai na ce na ƙoshi.

Da na tambaye shi a lokacin, da ya faɗa mini, kuma da na huta. Ban tambaya ba. Na koma gida na gaya wa Yaya abin da na gani a littafin.

Lahadi ta gaba muna dawowa na hango mutane a bakin gulbi, sun fi arba'in, wasu da sanduna. Lamidi ya dube su ya dube ni.

"Malam Umaru, lafiya dai?"

Na ce ban sani ba. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Aka tasa mu har zauren Maigari. Maigarin lokacin dattijo ne mai haƙuri, ya sa aka ba Lamidi tabarma, ya ce ba wanda zai taɓa shi a gidansa. Aka kira wani malamin firamare da ya iya irin waɗannan na'urori, aka ba shi kyamarar, manya suka kewaye shi. Ya fara wucewa da hotuna ɗaya bayan ɗaya, mutane suna gane abinsu. Wannan ya ce ga gonata. Wancan ya ce ga kunyar da na ɗaga da hannuna. Can sai ga wani hoto da turke mai jan fenti ya fito a gefe, zauren ya ɗauki hayaniya. An wuce hotunan tsuntsaye ma, masu kyau, amma ba wanda ya tsaya a kansu. Yaya Sahabi ya ce waɗannan na rufe ido ne. Sannan ya ce a ciro littafin da ke aljihunsa, malamin ya karanta sunayen masu gonaki a fili.

Lamidi bai ɗaga murya ba. Ya ce sunayen don ya tuna inda ya ga kowane tsuntsu ne, tunda fadama ba ta da lambar gida, lambobin kuma yawan tsuntsayen ne. Ya ce hoton da babu komai a ciki kuskuren hannu ne. Da ya ga ba a saurare shi ba sai ya juyo gare ni.

"Ranka ya daɗe, ga Malam Umaru nan. Ban taɓa danna abin ga ba sai yana zaune bayana. A tambaye shi ko akwai tsuntsu a sama duk lokacin da na danna."

Maigari ya ce, "Umaru, ka ji. Mi ka gani?"

Na san amsar. Ban taɓa jin ƙarar kyamarar nan ba sai tsuntsaye na sama, ko sau ɗaya. Turken da ya fito a hoto ma na tuna ranar, wani tsuntsu ne, zakaran ƙeƙuwa, ya tashi daga kansa. Amma na dubi fuskokin da ke zauren, mutanen da zan yi sallar magariba da su, na ga yadda suke kallona ni ma. Na ga Yaya. Kuma a can ƙasan zuciyata ina cewa, in fa gaskiya ne? In fa ni ne wawan da aka yi amfani da shi?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni gora nika kallo. Abin da ke zuciyar mutum Allah kaɗai ya san shi."

Lamidi ya daɗe yana dubana. Wani ya fizge kyamarar daga hannun malamin ya maka ta da ginshiƙin zauren, bakin ya rabu biyu. Wani ya kai wa Lamidi sanda a kafaɗa kafin Maigari ya miƙe da kansa ya shiga tsakani, ya sa shi a ɗakin ciki ya zauna a ƙofar. Da la'asar 'yan sanda suka zo daga Argungu suka tafi da shi. Washegari suka sake shi, don ba su sami abin riƙe shi ba. Amma magana ta riga ta bi gulbi. Manoma da yawa suka daina shiga shagonsa, wasu har yau 'ya'yansu ba sa shiga. Ni kuma shirun da na yi bai cece ni ba. Aka ce ko da sani ko ba da sani, ni na nuna masa hanya. Aka daina ɗaukar jirgina. Uwarku ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta ajiye abinci ta wuce.

Bayan an yanke shinkafar rani masu awon ƙasa suka zo a fili, da motoci biyu da takardu masu hatimi. Muka fita kallo kamar kowa. Ina tsaye kusa da Yaya Sahabi a gefen mota ta biyu, jama'a sun tafi wajen masu takardu, sai direban ya sauko yana miƙa. Ya ga Yaya ya washe baki ya miƙo hannu.

"Malam Sahabi, ashe muna da rabon sake gamuwa. Ya ƙafar? Ranar da munka kafa turakun nan ƙayar da ka taka ta ba ni tsoro."

Yaya ya ce masa ya yi kuskuren mutum. Direban ya dube shi, ya dube ni, ya gane ya yi ɓaranɓarama, ya koma mota ya ja ƙofa. Ba wanda ya ji sai ni. Da aka ja igiyar iyaka a makon nan, ta zo daidai gonar Yaya ta lanƙwasa ta bar ta a waje. Mutane suka ce sa'a ce. Tawa ta tafi.

Na same shi a ɗakin Inna, don ina so ta ji. Bai yi dogon musu ba.

"Da ni da ba ni ba, za su karɓa," in ji shi. "An riga an sa hannu tun daga sama. Sun nemi wanda ya san iyakoki, na ce in ban yi ba wani zai yi. Na ceci abin da nika iyawa."

"Ka ceci taka. Lamidi fa?"

"Garin na neman wanda za su kama. Shi yana da inda za shi koma. Ni ina za ni?"

Na miƙe na ce zan tafi wurin Maigari. Inna ta kama bakin rigata. Tana da ƙarfi a hannu har ta tsufa.

"Zauna, Umaru. Ka ga abin da sunka yi wa baƙo a kan zato. Mi kaka tsammani za su yi wa ɗan gari a kan tabbas? Gidansa na da ɗiya tara. Kai sunanka ya riga ya ɓaci, kuma ba su ƙone ka ba. Ɗaya ya isa. Kada ka buɗe baki ina raye, kada ka buɗe yana raye."

Na ce, "Inna, ni ma ɗanki na."

Ta ce, "Shi ya sa nika roƙonka. Shi ba ya roƙuwa."

Na zauna. Wannan zaman shi ne ya ci mini shekarun da kuka sani. Shi ya sa muka koma noman albasa a gonar aro, shi ya sa aka mayar da goron neman aure na babbanku daga gidan farko, shi ya sa ban ƙara taka gidan Yaya ba sai ranar da aka fito da gawarsa. Uwarku kaɗai na gaya wa. Ta ce ba ta yarda da hukuncin Inna ba, amma ta riƙe mini shi har ta koma ga Allah, ko ku ba ta faɗa wa ba.

Abu ɗaya na ƙi bari, shi ne zuwa wurin Lamidi. Na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na yi ta kai da komo a layin shagonsa kafin na iya shiga. Ya rame, kafaɗar kuma ba ta ɗaguwa sosai. Ya amsa sallamata, ya jawo mini benci, ya zuba mini ruwa. Ya tambayi Inna, ya tambayi Kulu, ya tambayi ko ruwa ya janye. Na ce masa na san yanzu ba shi ba ne, na san wanda ya yi, amma ba zan iya faɗa ba. Bai nemi sunan ba. Na ce in yana so zan riƙa kai shi ta wajen Argungu inda ba a san mu ba. Ya girgiza kai.

"Tambaya ɗaya gare ni, Malam Umaru. Ranar nan a zaure, ba ka tabbata ba ne, ko tsoro ka ji?"

Na so in ce ban tabbata ba, don akwai gaskiya a cikinta kuma ta fi sauƙin faɗa. Amma na riga na yi masa ƙarya sau biyu.

"Na ga tsuntsayen," na ce. "Kowane lokaci na gan su."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, madalla. Na daɗe ina tunanin ko ni ne ban iya zaɓen aboki ba, ko kuwa abokin ne ƙafarsa ta zame. Ta biyun ta fi sauƙin ɗauka."

Wani ya shigo neman bututu, ya miƙe ya saurare shi. Na jira, na ga ba sauran magana, na yi sallama. Ya raka ni har bakin ƙofa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga ina da bakin roƙa ba. Ya rasu bayan shekara huɗu, na je jana'izarsa na tsaya a sahun baya.

Ban rubuta wannan don ku je ku tsare 'ya'yan Yaya Sahabi ba. Ba su kafa turke ba, kuma 'yan'uwanku ne. Wanda ya kai musu maganar nan da faɗa bai bi ni ba. Amma ɗan Lamidi na biyu yana nan a shagon ubansa a Nassarawa, shi ma ya taso yana jin ana kiran ubansa da sunan da ba nasa ba. Ku kai masa takardar nan ya karanta da idonsa. In ya ce a karanta ta a zauren Maigari, ku karanta da ƙarfi, kada ku tsallake wurin da aka tambaye ni.